Muhawara: Me ya kamata a ƙirga a shekarar farko ta jariri, me kuma ba abin tashin hankali ba ne?

Shugabar Zaure:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayoyin da sababbin iyaye suka fi turowa kusan iri ɗaya ne: yaron nan yana ƙoshi kuwa? Me ya sa yake kuka kullum da yamma? Me ya sa sa'anninsa sun zauna shi bai zauna ba? Na ga gara mu tattara su wuri guda. Muna da ungozoma da ma'aikatan jinya da likitan yara a cikinmu. Don Allah kowa ya kawo abin da ya sani da adadinsa da yadda ake yi, kada a tsaya a "ki yi haƙuri, zai wuce". Ungozoma, bismillah, fara mana da makon farko.

Ungozoma:
Wa alaikumus salam. Maganar ƙoshi ita ce ta fi hana mai jego barci, tunda nono ba shi da awo a jiki balle ta ga nawa ya shiga. To abin da ya shiga sai ya fita, don haka ƙunzugu za a ƙirga. Ranar farko fitsari sau 1 ya wadatar, rana ta biyu sau 2, ta uku sau 3, haka yake ƙaruwa. Daga rana ta 5 zuwa ta 6 muna so mu ga ƙunzugu ya jiƙe sosai aƙalla sau 6 a awa 24, fitsarin kuma garau, ba mai duhu ba. Kashi ma yana da tsarinsa: baƙi mai danƙo a kwana biyun farko, ya koma kore, zuwa rana ta 4 ko ta 5 ya zama ruwan ɗorawa mai laushi da 'yan gudaji a ciki. Idan an kai rana ta 5 kashi yana nan baƙi, nono ba ya shiga yadda ya kamata, a kai shi a duba.

Shan nono sau 8 zuwa 12 ne a awa 24, dare da rana. Kada a jira kuka. Jariri yana nuna yunwa tun kafin ya tsanyara: ya riƙa juya kai yana buɗe baki, yana tsotsar hannu, yana mutsu-mutsu. Idan ya riga ya fashe da kuka harshensa yana ɗagewa sama, kama nono ya yi wuya, sai an lallashe shi tukuna.

Dakashi kuma, wato nonon farko mai kauri mai launin ɗorawa, kaɗan yake zuwa, kuma daidai ke nan. Cikin jariri a ranar farko abin da yake ɗauka a sha ɗaya bai wuce cokalin shayi 1 zuwa 2 ba. Nono mai yawa yakan kawo a rana ta 3 ko ta 4. Kada a zubar da dakashi, shi ke ɗauke da garkuwar da za ta kare hanjin yaro.

Anti Nas:
Na ƙara da maganar sikeli, domin a nan ake razana iyaye a banza. Kusan kowane jariri yana rage nauyi a kwanakin farko. Raguwar kashi 7 cikin 100 ba komai ba ce, idan ta kai kashi 10 sai a zauna a duba yadda yake shan nono. Wanda aka haifa da kilo 3, ya sauko zuwa kilo 2.8 ba matsala, amma ƙasa da 2.7 yana buƙatar ido. Zuwa kwana 10 ko 14 ya kamata ya koma nauyin haihuwarsa. Daga nan a wata ukun farko yana ƙara kimanin giram 150 zuwa 200 a mako. Wajen wata 5 ya ninka nauyin haihuwa, a shekara ɗaya ya kusa ninka shi uku.

Abin dubawa a katin awo shi ne inda layin ya dosa. Yaro ƙarami da layinsa ke hawa a hankali ya fi kwantar da hankali a kan ƙato da layinsa ya miƙe ko ya fara gangarowa. Kuma a riƙa auna shi a sikeli ɗaya, ba kaya a jiki, don ƙunzugu jiƙaƙƙe kaɗai yana iya ɓata lissafi.

Sabuwar Uwa:
Na gode Anti. Ungozoma, idan kan nono ya tsage yana zafi fa? Ana cewa dole sai an sha wannan wahalar kafin ya saba.

Mai Koyar da Shayarwa:
Ƙanwata, ba dole ba ne. Ɗan zafi na daƙiƙun farko idan ya kama yana faruwa, amma zafin da ya ɗore har ya gama sha, ko tsagewa, ko kan nono ya fito a lanƙwashe bayan ya saki, duk alamar kamun bai yi ba ne. Yana tsotsar kan nono kawai. Ga yadda za ki gyara. Ki juyo da shi gaba ɗaya, cikinsa ya manne da naki, kunne da kafaɗa da ƙugu su yi layi ɗaya, kada wuyansa ya karkace. Ki tallafe jikinsa duka, ba kai kaɗai ba. Ki sa kan nonon daidai hancinsa, ba daidai bakinsa ba, ki jira ya wangale baki sosai, sannan ki jawo shi zuwa nono da sauri. Shi ake kawowa wurin nono, ke kada ki sunkuya ki kai masa.

Idan ya kama daidai za ki ga abu huɗu: baki a buɗe sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓarsa ta taɓa nono, baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi fitowa ta saman bakinsa a kan ta ƙasa. Tsotson zai zama a hankali mai zurfi, yana ɗan tsayawa, kina jin haɗiya. Idan kumatunsa suna lotsawa ko kina jin ƙarar tsuke-tsuke, ki sa ɗan yatsa mai tsabta ta gefen bakinsa ki raba shi da nonon, ki sake. Kada ki fizge. A bar shi ya gama ɗaya ya saki da kansa kafin a ba shi ɗayan, don nonon da ke zuwa daga baya ya fi maiƙo, shi ke riƙe ciki.

Idan wani sashe na nonon ya yi ja ya yi tauri, ga zazzaɓi da ciwon jiki, kada ki daina ba shi ta wannan ɓangaren, amma ki ga likita idan awa 24 ta wuce ba sauƙi.

Kakar Yara:
Duk na yarda da ku 'ya'yana. Abu ɗaya ne har yau bai kwanta mini ba, hana jariri ruwa har wata 6. Babba ma ƙishi yana kama shi, balle a lokacin zafi. Ɗan cokali ɗaya me zai ɓata?

Likitan Yara:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, tambayarki a kan hanya take, tausayi ne ya kawo ta. Nonon uwa fiye da kashi 80 cikin 100 ruwa ne. Idan ana zafi jariri yakan nemi nono akai-akai ya sha kaɗan ya saki, wannan shi ne shan ruwansa. Uwar ce za ta ƙara shan ruwa.

Ɓarnar ruwa kuwa ta hanya uku take zuwa. Cikinsa ƙarami ne, ruwan da ya shiga ya cinye wurin nono, ga shi ba ya gina jiki. Idan ya rage tsotso nonon uwa ma ya ragu, don yawan cirewa shi ke sa jiki ya ƙara samarwa. Na biyu, ruwa da cokali da kofi hanya ce ta ƙwayoyin gudawa. Na uku, ƙodarsa ba ta yi ƙwari ba, ruwa mai yawa yana tsinka gishirin jini har ya kai ga jijjiga. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, ban da magani ko ruwan gishiri da sukari idan ma'aikacin lafiya ya rubuta, sannan a ci gaba da nono tare da abinci har shekara 2 ko fiye.

Kakar Yara:
To Likita, na ji hujja ta biyu da ta uku. Amma idan uwar ba ta da isasshen nono fa? Ba kowace mace ce nono ke kawo mata da yawa ba.

Likitan Yara:
Gaskiya ne Hajiya, akwai waɗanda nonon bai isa ba, kuma ba laifinsu ba ne. Amma ƙunzugu da sikeli ne za su faɗa, ba laushin nono ko yawan kukan yaro ba. Idan an tabbatar bai isa ba, abin da za a ƙara madarar jarirai ce, ba ruwa ba.

Baban Yara:
Tunda an zo maganar madara, bari in faɗi yadda ake haɗa ta, don sau da yawa wannan aikin hannun uba yake faɗawa cikin dare. Garin madarar gwangwani ba a kashe ƙwayoyin cuta a cikinsa gaba ɗaya ba, shi ya sa ake so a haɗa da ruwan da aka tafasa, wanda zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, wato kada ya wuce minti 30 da saukewa. Ruwa ake fara zubawa a fida zuwa layin da aka rubuta, sannan gari. A yi amfani da cokalin da ya zo cikin gwangwanin, a shafe samansa, kada a danna kada a yi tozo. A rufe a girgiza, a sanyaya fidar a cikin ruwan sanyi, a ɗiga a cikin wuyan hannu a ji ɗumi kawai.

Kuskure biyu ne suka fi yawa. Wasu suna ƙara gari don yaro ya yi ƙiba ko ya yi barci, wannan yana wahalar da ƙoda ya busar da jiki. Wasu suna rage gari don gwangwani ya daɗe, yaro ya yi ta sha yana ramewa. Abin da ya rage a fida bayan ya sha a zubar, wanda aka haɗa ba a sha ba kada ya wuce awa 2 a waje. Kuma kada a jingina fida da filo a bar shi yana sha shi kaɗai, yana iya ƙwarewa.

Nonon da uwa ta tatsa ya fi juriya: awa 4 a ɗaki mai matsakaicin sanyi, kwana 4 a can cikin firji ba a jikin ƙofa ba, wata 6 a firiza. Wanda aka narkar ba a sake daskarar da shi.

Sabuwar Uwa:
Kukan yamma fa? An ba shi nono, an canja ƙunzugu, an yi gyatsa, ba abin da ya rage, amma kuka kamar ana yanka shi.

Anti Nas:
Sannu ƙanwata, wannan yana cikin abubuwan da suka fi gajiyar da iyaye. Kukan jarirai yana fara ƙaruwa daga mako na 2, ya kai ƙololuwa wajen mako na 6 zuwa 8, ya ja baya a wata na 3 zuwa na 4, kuma ya fi yawa da yamma zuwa farkon dare. Likitoci suna da tsohon ma'auni na kukan da ya yi yawa tun 1954: kukan da ya wuce awa 3 a rana, kwana 3 a mako, har mako 3, ga yaro yana sha yana ƙara nauyi. Iyaye sukan ce ciwon ciki ne saboda yana naɗe ƙafa yana jan fuska, amma har yau ba a tabbatar da dalili guda ba, kuma magungunan da ake sayarwa don shi yawancinsu ba su nuna wani amfani ba. Kada a ɗura masa komai.

Abin da ke taimakawa: a fara duba jikinsa tsirara, yatsun hannu da na ƙafa da al'aura, don silin gashi ko zare yana naɗewa ya shaƙe wurin. Sannan a manna shi a ƙirji fata da fata, a rage haske da hayaniya, a yi ta jijjiga shi a hankali ana tafiya, a bar shi ya tsotsa. Wata rana ya yi aiki, wata rana ba zai yi ba.

Ga abin da nake so kowa ya riƙe, uwa da uba da mai reno. Idan ranka ya fara ɓaci, ka kwantar da shi rigingine a shimfiɗarsa, ka fita ɗakin minti 5 zuwa 10, ka kira wani ya karɓe ka. Kuka ba zai yi masa lahani a wannan ɗan lokacin ba. Girgiza shi da ƙarfi kuwa, ko na daƙiƙa kaɗan ne, yana tsinka jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa da ido, saboda kansa yana da nauyi wuyansa ba ƙarfi. Yana makantarwa, yana kashewa.

Kakar Yara:
Kin ce rigingine. Idan ya yi tumbuɗi cikin barci ba zai shaƙe ba? Kwanciyar gefe ba ta fi ba?

Likitan Yara:
Mutane da yawa haka suke zato Hajiya. Idan yana rigingine hanyar iska tana sama, hanyar abinci tana ƙasanta, abin da ya taso sai ya koma inda ya fito, ko ya haɗiye ko ya tofar. Idan yana rub da ciki lamarin ya juye, abin da ya taso ya taru a bakin hanyar iska. Gefe kuma ba ya zama, daga nan yake mirginawa ya kife. A Amurka, bayan gangamin da aka fara a 1994 na kwantar da jarirai rigingine, mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi.

Shimfiɗar ta zama mai tauri, a baje, ba filo, ba bargo mai kauri, ba 'yar tsana. Ya kwana ɗaki ɗaya da iyaye aƙalla wata 6, amma a nasa gadon. Kada a lulluɓe shi fiye da kima, a bar kansa a buɗe idan yana barci a ɗaki. Don sanin ko zafi ya yi masa yawa a taɓa ƙirji ko bayan wuya, hannu da ƙafa dama sukan yi sanyi. Ba shan taba a gidan. Idan ana naɗe shi da zani, a bar ƙafafu su sake su iya lanƙwasawa, kuma a daina naɗin da zarar ya fara yunƙurin juyawa.

Mai Koyar da Shayarwa:
Likita, a gafarce ni, a maganar "nasa gadon" ina da ja. Uwar da ke tashi sau 4 ko 5 a dare barci zai kwashe ta tana shayarwa, ko ta so ko ba ta so ba. Idan muka ce mata haramun ne ya kwana gadonta, sai ta koma kujera ta zauna don kada ta karya doka, barci ya ɗauke ta a can, kujera kuwa ta fi gado haɗari nesa ba kusa ba, don yana zamewa ya maƙale tsakanin jikinta da matashi. Gara mu koya mata gyara gadon: katifa mai tauri, a kawar da filo da bargo daga kusa da shi, kada a bar rata tsakanin katifa da bango, kada wani yaro ya kwanta kusa da shi, shi kuma rigingine.

Likitan Yara:
Malama, a kan kujera ba mu da saɓani ko kaɗan, kuma na yarda a gyara gado tun kafin barci ya zo. Inda na tsaya shi ne, mafi aminci idan ta farka ta mayar da shi nasa wurin, musamman a wata 4 na farko. Akwai kuma inda ba sassauci: bakwaini, wanda aka haifa ƙasa da kilo 2.5, gidan da uwa ko uba ke shan taba, ko wanda ya sha abin da ke sa barci mai nauyi.

Mai Koyar da Shayarwa:
Waɗannan na sa hannu. Sauran kuma ina nan a kan bakana.

Ungozoma:
Kafin ku wuce, akwai ƙananan abubuwa da ke sa a ruga asibiti alhali lafiya lau ne. Shaƙuwa da atishawa. Numfashin da ke sauri ya lafa, ya ɗan tsaya daƙiƙa 5 zuwa 10 ya ci gaba, launin jiki bai canja ba. Kumburin nonon jariri, mace ko namiji, daga sinadaran jikin uwa ne, kada a matsa, matsawa ke jawo ƙurji. 'Yar ɗigon jini a gaban jaririya a makon farko ma haka. Maɗiga tana bugawa, taɓa ta a hankali wurin wanka ba ya cutarwa, ta kan rufe tsakanin wata 12 zuwa 18. Bayan mako 6 mai shan nono zalla yana iya kwana da yawa bai yi kashi ba, in dai cikinsa da laushi, yana sha, kashin kuma idan ya zo da laushi, ba taurin ciki ba ne.

Cibiya a bar ta a bushe, a naɗe ƙunzugu ƙasa da ita, ba a shafa komai sai abin da asibiti suka bayar. Tana faɗuwa da kanta tsakanin mako 1 zuwa 3. Idan fatar da ke kewaye ta yi ja, ko tana fitar da mugunya da wari, a tafi a ranar.

Likitan Yara:
Ga kuma waɗanda ba a kwana da su. Jariri ƙasa da wata 3 da zafin jikinsa ya kai digiri 38, ko da yana wasa, asibiti kai tsaye, kada a ba shi maganin zazzaɓi a zauna jira. Sanyin jiki ƙasa da 35.5 ma haka. A sayi ma'aunin zafi, tafin hannu yana ruɗi. Numfashi kuma a ƙirga na minti ɗaya cif yana kwance shiru: 60 ko fiye ga wanda bai kai wata 2 ba, 50 ko fiye daga wata 2 zuwa 11, ya yi sauri. A ɗaga riga a duba ko ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki idan ya ja iska, ko yana nishi a kowane numfashi. Ƙin shan nono, jijjiga, yaron da ba ya motsi sai an taɓa shi, amai kore, jini a kashi, maɗigar da ta kumbura ko ta faɗa tare da raguwar fitsari, duk na gaggawa ne.

Shawara tana buƙatar bayani. Jarirai da yawa suna ɗan yin ɗorawa a rana ta 2 zuwa ta 4 ya wuce. Amma idan ta fito cikin awa 24 na farko, ko ta sauko har tafin hannu da tafin ƙafa, ko yaron ya yi laƙwas ba ya sha, a tafi nan take, don idan ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma shanya shi a rana ba ya maye gurbin fitilar asibiti. Idan ta wuce kwana 14, musamman kashi ya yi fari fitsari ya yi duhu, sai an binciki hanta, kuma wannan ba ya son jinkiri. A duba launin a hasken rana, a danna hanci ko goshi a saki.

Shugabar Zaure:
Allah ya saka. Yanzu ga babbar tambayar: yaushe zai yi murmushi, ya zauna, ya yi rarrafe, ya taka?

Malamar Gashin Ƙashi:
Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara 816 masu lafiya a Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006. Zama ba tallafi ya kama daga kusan wata 4 zuwa wata 9. Rarrafe daga wata 5 zuwa 13 da rabi. Tsayuwa ba riƙo daga wata 7 zuwa kusan 17. Tafiya shi kaɗai daga wata 8 zuwa 17 da rabi. Kimanin 4 cikin 100 ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam, suka wuce zuwa tafiya. Ku duba tazarar: yara biyu masu lafiya, ɗaya ya riga ɗaya takawa da wata 9.

Na farkon kuwa: a makonnin farko yana gani sosai a tazarar santimita 20 zuwa 30, daidai fuskar mai shayar da shi. Murmushin mayar da martani wajen mako 6 zuwa 8. Riƙe kai wata 3 zuwa 4. Juyawa wata 4 zuwa 6. Gwaranci irin "ba-ba, da-da" wata 6 zuwa 9, lokacin ne kuma ƙiwa ke farawa, kuma alama ce mai kyau, ya gane nasa. Tsintar ƙaramin abu da babban yatsa da manuni wata 9 zuwa 12. Bakwaini a cire masa makonnin da ya rage a ciki: wanda ya zo mako 8 kafin lokaci, idan ya kai wata 6 a auna shi da ma'aunin wata 4, har ya shekara 2.

Abin da ke gina wuya da kafaɗa shi ne kifa shi rub da ciki yana farke ana kallonsa. A fara da minti 2 zuwa 3 sau da yawa a rana, ko a kan ƙirjin uwa ko uba, a ƙara har jimillar ta kai aƙalla minti 30 a yini. Ba nan take bayan shan nono ba. Wannan yana kuma rage bajewar ƙeya. Keken koyon tafiya mai taya ba ya sa yaro saurin takawa, yana kai shi ga matakala da wuta da ruwan zafi cikin ƙiftawar ido, Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. A bar shi a ƙasa a kan shimfiɗa, ƙafa ba takalmi.

Waɗanda nake so a kawo mana da wuri: ba murmushi a wata 3, kai yana lilo a wata 4, jiki ya sanƙare ko ya saki da yawa, yana amfani da hannu ɗaya kawai kafin shekara, ba ya firgita da ƙara ko juyowa ga murya, ido ba ya bin fuska, bai zauna ba a wata 9, bai taka ba a wata 18. Wanda ya fi duka shi ne abin da ya riga ya iya ya daina yi, a kowane wata ne.

Kakar Yara:
Haƙori fa? Zawo da zazzaɓin haƙori ai kowa ya san su.

Anti Nas:
Hajiya, a nan ne ake asarar yara. Haƙori yana kawo dalala, ƙaiƙayin dasashi, rigima, da ɗan ɗumin jiki. Ba ya kawo zazzaɓi mai zafi ko gudawa. Abin da ya haɗa su lokaci ne: wajen wata 6 haƙoran ƙasa biyu na gaba ke fitowa, a lokacin ne garkuwar da ya samo daga ciki ke raguwa, yana kai komai baki, an kuma fara ba shi abinci. Gudawar daga nan take, kuma magani take so kamar kowace gudawa. Dasashi a goga da yatsa mai tsabta ko tsumma mai sanyi. Wasu yaran sai sun kusa shekara haƙori ke fitowa.

Abinci a wata 6, idan yana riƙe kai yana zama da ɗan tallafi. A fara da cokali 2 zuwa 3, sau 2 zuwa 3 a rana, daga wata 9 sau 3 zuwa 4. Ya yi kaurin da zai tsaya a cokali idan an karkata, mai ruwa-ruwa cika ciki kawai yake yi. Sinadarin ƙarfe da aka haife shi da shi ya fara ƙarewa a wannan lokacin, don haka nama, kifi, ƙwai da wake da aka dafa aka murƙushe su shigo da wuri. Ba gishiri, ba sukari, ba zuma kafin shekara 1 saboda wata ƙwayar cuta da ke shanye jikin jarirai. Ya ci a zaune, ba ɗura. Idan ya shaƙe ba ya iya kuka ko tari, a kifa shi a kan hannu kansa ya yi ƙasa, a bugi tsakanin kafaɗunsa sau 5 da gindin tafin hannu, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji sau 5, a maimaita ana neman taimako. Kada a zura yatsa ana lalube.

Baban Yara:
Ba a taɓo uwar ba. Kuka da sauyin rai daga rana ta 3 zuwa ta 5 bayan haihuwa yana samun mata da yawa, ya wuce cikin mako 2. Idan ya zarce haka, ba ta iya barci ko da yaro ya yi barci, ba ta jin daɗin komai, tana ganin ba ta da amfani, ko tunanin cutar da kanta ko yaron yana zuwa mata, ciwo ne da ke kama fiye da mace 1 cikin 10, kuma yana da magani. Maigida ne ya fi kusa da ganin wannan, shi zai kai ta asibiti. Kafin nan ya karɓi gyatsa da canjin ƙunzugu da lallashi na wani yanki na dare, ta samu barcin awa 4 a jere.

Sabuwar Uwa:
Na gode Malam. Tambaya ta ƙarshe, wurin allurar BCG, wato ta rigakafin tarin fuka, ya yi ƙurji yana fitar da ruwa, a sa magani?

Anti Nas:
A'a, haka take yi. Makonni kaɗan bayan allurar wurin ya kumbura, ya fashe, ya bushe, ya bar ɗan tabo. A wanke da ruwa a bar shi a buɗe, kada a matsa kada a liƙa filasta. Idan kaluluwa babba ta fito a hammata ta wannan hannun, a kawo shi mu gani. Ki duba katinsa ki ga ranar rigakafi na gaba, mura mara zazzaɓi ba ta hana a yi masa.